Tambayi Kawu: Sabon takalmin zamiyar ƙanƙara ya hana ni sakat

Tambaya

Assalamu alaikum Kawu. Ni ɗalibi ne daga Damagaram, ina karatu a Grenoble ta ƙasar Faransa. Bara abokan karatu suka ja ni dutsen Chamrousse da ke kusa da garin na gwada wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara da takalmin haya, abin kuwa ya shiga raina. Bana na tara 'yan kuɗina na sayi nawa sabo a rangwamen watan Oktoba, lamba 27.5, ni da nake sa 43 a takalmin yau da kullum. To Kawu, tun da na kawo shi gida ban taɓa cika minti 15 da shi a ƙafa ba. Yatsuna suna tokarar gaba, gefen ƙaramin yatsana na dama yana zugi, saman ƙafar kuma sai ya mutu. Wani abokina ya ce in mayar in karɓo 29, wani ya ce in tsoma shi a ruwan zafi, wani kuma ya ce in ninka safa biyu in riƙa yawo da shi a unguwa har ya saki. A Disamba za a buɗe dutsen. Wacce zan ɗauka?

Ɗanka, daga Grenoble

Amsa

Wa alaikumus salam ɗana. Sannu da karatu, sannu kuma da sanyi. Shawarwarin nan uku, ka gode wa masu su, amma kada ka ɗauki ko ɗaya. Ta farkon ce ma ta fi ba ni tsoro, don ita ce ta fi kama da gaskiya.

Na daɗe ina aikin hunturu a shagon kayan zamiya a duwatsun nan da ke kewaye da ku, rabin yinina a durƙushe nake gaban ƙafafun mutane, kuma mafi yawan masu dawowa da kuka babban takalmi ne ya cuce su. A cikin shago babban takalmi daɗi gare shi, mutum ya zura ƙafa ya yi murmushi ya biya kuɗi. Sai an hau dutse ake gane kuskure. Ƙafa tana ta yawo a ciki, dunduniya na ɗagawa, yatsu na kai wa gaba karo duk lokacin da aka so tsayawa, har farcen babban yatsa ya yi baƙi, ƙwauri kuma yana dukan harshen takalmin. Daga nan mutum ya ɗaure maɓallan da ke rufe takalmin iya ƙarfinsa don ƙafar ta zauna wuri ɗaya, ɗaurin ya tare jini, ƙafa ta sandare. Takalmin da ya matse ana iya buɗa shi. Wanda ya yi yawa sai dai a yi ta cusa masa soso, kuma ba ya gyaruwa yadda ake so.

Shi kuma mai cewa ka yi yawo da shi har ya saki, takalmin fata ne a ransa, irin sau-cikin Sallah da ke gasa wa mutum aya a hannu kwana biyu sannan ya bi ƙafa. Da shekara 70 baya muke, da ya yi gaskiya, don a lokacin da fata ake ɗinka takalmin zamiya. A shekarun 1960 ne wani Ba'amurke mai suna Bob Lange ya fito da na roba mai tauri, kuma a nan Chamrousse ɗin da kake zuwa, a gasar Olamfik ta hunturu ta 1968, 'yar Kanada Nancy Greene ta ci zinare sanye da takalmin kamfaninsa. Ba a jima ba roba ta kori fata. Abin da ke ɗakinka yanzu abu biyu ne a haɗe: kwanson roba na waje, da wani ɗan takalmi mai soso a ciki wanda ake iya zarewa. Na cikin zai lotsa da kansa bayan 'yan kwanaki kana zamiya da shi, ya ƙara maka fili fiye da yadda kake zato. Kwanson kuwa, ko kwana kake yi da shi a ƙafa ba zai matsa ba, sai zafi da injin mai gyara. Saboda haka aikinka kafin Disamba shi ne ka rarrabe matsin da soso zai kawar da ciwon da kwanso ke jawowa.

Fara da awo, yau ɗin nan. Lambar 27.5 da ke jikin takalmin tsawon ƙafa ne a santimita. Shimfiɗa takarda jikin bango, ka taka ta a tsaye da dunduniya manne da bangon, a yi maka alama a bakin yatsa mafi tsawo, ka auna ƙafafun duka biyu don da wuya su zo daidai. Mai sa 43 galibi a wajen santimita 27 zuwa 27 da rabi yake faɗawa, don haka ina kyautata zaton mai shagon bai cuce ka ba. Amma gwajin da ya fi wannan shi ne na kwanso. Zare na ciki gaba ɗaya, ka zura ƙafarka tsirara cikin kwanson, ka matsa gaba har yatsu su ɗan taɓa roba, sannan ka lanƙwasa gwiwa a haska fitila bayan dunduniyarka. In filin da ya rage ya kai santimita ɗaya da rabi zuwa biyu, takalmin naka ne. 'Yan gasa kan so santimita ɗaya ko ƙasa da haka, kai ba ruwanka da wannan wahalar. In ya wuce biyu da rabi, ya yi maka yawa tun yanzu. Lissafa da kanka abin da 29 za ta yi maka. Kada kuma ka ɓata lokaci kan sauya 27.5 da 27.0, yawancin kamfanoni kwanso ɗaya suke yi wa su biyun.

Batun yatsu na tokarar gaba, ina jin a tsaye ƙyam kake gwada shi, ko a zaune kan kujera ƙafa a miƙe. A haka dole su taɓa, an ƙera shi ne don mai gwiwa a lanƙwashe. Ga yadda ake sa shi. Takalmin ya kasance da ɗumi, wanda ya kwana a ɗaki. Buɗe maɓallai duka, ka ja harshen gaba da gefe, ka zura ƙafa a tsaye, ka daidaita harshen a kan ƙwauri, sannan ka buga dunduniya a ƙasa sau biyu ko uku don ta faɗa gurbinta. Maɓallan sama ake fara ɗaurewa, musamman na kusa da idon sawu, shi ne mai riƙe dunduniya, sai bel ɗin da ke can sama. Yanzu tura gwiwa gaba da ƙarfi, ƙwauri ya danne harshe. Za ka ji dunduniya ta ƙara komawa baya, yatsu sun ja da baya sun bar gaban takalmin. In haka ta faru, ba ka da matsalar tsawo, ka kwantar da hankalinka.

Maɓallai biyu na ƙasa, waɗanda ke kan saman ƙafa, su ne nake zargi da kashe maka ƙafa. Sababbin shiga suna ɗaure su kamar za su tsere. Amfaninsu kawai su rufe takalmi kada dusar ƙanƙara ta shiga, yatsa ɗaya ya kamata ya ishe ka danne su. Ta saman ƙafar nan jijiyar jini take bi zuwa yatsu, ga kuma jijiyoyin ji kwance a ƙarƙashin fata, babu tsoka da za ta kare su. In aka danne wurin, yatsu sukan mutu kuma su yi sanyi ko a ɗaki mai ɗumi. Duba maɓallin da kyau, za ka ga ana iya murɗa shi, kowane juyi yana ƙara ko rage tsawonsa da kamar milimita ɗaya. Sassauta, ka sake gwadawa. In duk da sassautawar ƙafar na mutuwa, to gadon ƙafarka, wato samanta, mai tudu ne, wannan kuma aikin mai gyara ne: yana iya rage kaurin harshen, ko ya kankare farantin da ke shimfiɗe a ƙasan kwanso don ƙafa ta ɗan sauka.

Safa guda ɗaya, siririya, doguwa har ƙasan gwiwa, ta ulu ko ta zaren roba da aka yi don wannan wasa. Ta auduga tana riƙe gumi ta sanyaya ƙafa. Safa biyu suna cinye filin da kake nema, su naɗe a ciki su tayar maka da bororo. Ƙafar dogon wandon ciki ma kada ta shiga takalmi, safa kaɗai ke shiga. Ka yanke farce, in akwai kaushi a dunduniya ka goge ka shafa mai da dare.

Zugin gefen ƙaramin yatsa, nan ne nake ganin akwai aiki na gaske. Ban da tsawo, kowane takalmin zamiya yana da faɗi da aka auna a wurin da ƙafa ta fi faɗi: masu milimita 97 ko 98 na siririyar ƙafa ne, 100 matsakaici, 102 zuwa 104 na mai faɗi. A lamba 26.5 ake bayar da wannan awon, yana ɗan ƙaruwa in lamba ta hau. Duba kwalin naka ko takardarsa ka ga wanne ka saya. Mu da muka tashi da silifa da takalmi buɗaɗɗe, yatsunmu a baje suke, gaban ƙafarmu ya fi na wanda aka cusa wa ƙafa cikin rufaffen takalmi tun yana rarrafe faɗi, su kuma waɗannan takalma, da yawansu a yankin Montebelluna na arewacin Italiya ake tsara su, ba ƙafar Damagaram aka kalla ba. Wannan ba ya nufin ka yi asara. Mai gyara yana gasa daidai wurin da iska mai zafi har robar ta yi laushi, ya sa wani ƙarfe mai kan ƙwallo ya tura ta waje, ya bar ta ta huce a haka. Milimita biyu ko uku a kan ƙashin nan kan mayar da azaba ta koma labari. In wurin robar mai kauri ce, yakan kankare ta daga ciki. Abin da aka kankare ba ya dawowa, don haka mai hankali kaɗan-kaɗan yake yi, ya ce ka je ka gwada ka dawo.

Kafin a kai ga gasa kwanso, ni ina fara duba abin da ake takawa. Shimfiɗar da ke zuwa cikin sabon takalmi 'yar falle ce, ba ta tallafar komai. Ƙafar da ba ta da tallafi a ƙarƙashinta, da an ɗora mata nauyi sai ta baje, ta ƙara tsawo da faɗi, idon sawu ya karkata ciki ya goga roba. Shimfiɗa mai tallafar tsakiyar tafin ƙafa da kofin dunduniya takan hana wannan bajewar, wani lokacin ita kaɗai ke kawar da tokarar yatsu da zugin gefe. Akwai wadda ake saya a yanka, akwai wadda ake gasawa a zuba ta a kan ƙafarka. Kuna ma da sa'a, kamfanin Sidas mai yin su a Voiron yake, nan kusa da ku, shagunan yankin sun san kayansa sarai. In kuɗi sun yi kaɗan, ka fara da wadda ake yankawa.

Ruwan zafi, na'urar busar da gashi, tandar girki, duk ka bar su. Gaskiya ne ana gasa takalman zamani, amma da ƙa'ida. Yawancin na ciki ana hura musu iska mai zafi a shago, ka sa su da ɗumi, ka tsaya gwiwa a lanƙwashe kamar minti goma har su ɗauki siffar ƙafarka. Wasu kamfanonin ma kwanson kansa ake sawa a tanda ta musamman: Salomon na kiran nasu Custom Shell, Atomic na kiran nasu Memory Fit, Fischer kuma Vacuum. Kowanne da zafinsa da mintocinsa, kuma ba kowace roba ce ke ɗaukar wannan ba. Na sha ganin kwanson da aka murɗe a gida har tafinsa ya lanƙwashe, wanda kuma tafinsa ya lanƙwashe ya tashi daga aiki. Koma shagon da ka saya da rasitinka, da yawa suna yin gashin farko kyauta ga wanda ya sayi takalmi a wurinsu. Ka je yanzu a Nuwamba, ranar aiki, da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura. Da an shiga hutun Kirsimeti layi ne har ƙofa, ba wanda zai ba ka awa guda.

Kafin ka je, yi mako guda kana sa shi a ɗaki, minti 15 zuwa 20 a rana, kana ƙarawa a hankali. A tsaye, kana tura gwiwa gaba kana dawowa, kana karkata hagu da dama, ko da littafinka a hannu. Zama da shi ba ya amfana komai sai tara jini. Matsin da ya game ƙafa ko'ina daidai wa daida, wannan alheri ne, ka yi haƙuri da shi. Ciwon da za ka iya nunawa da yatsa ɗaya, wanda ke ƙaruwa maimakon raguwa, shi za ka kai ƙara. Akwai kuma abin da masu gyara a nan ba su cika lura da shi ba: sun saba su cire wa mutum safa su nemi inda fata ta yi ja. A baƙar fata jan ba ya fitowa haka, sai mutum ya duba ya ce bai ga komai ba. Da ka cire takalmi, shafa ƙafarka ka nemi inda safa ta bar shaida mai zurfi, ko inda ya fi zafi in ka danna, ka zagaye wurin da biro a kan fata kafin ka fita. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Yawo a unguwa kuwa yana cinye tafin takalmin ne, kuma tafin nan ba ado ba ne. Bakinsa na gaba da na baya su ne ke shiga ƙarfen da ke riƙe takalmi a jikin allon zamiya, ƙarfen da aka saita ya sake ka in ka faɗi don kada gwiwa ko ƙwauri ya karye. Tafin da kwalta ta cinye ba ya saki daidai. A gefen dunduniya za ka ga wata lamba mai ɗauke da mm, wato milimita, wajen 315 a girmanka, tsawon tafin ke nan, da ita ake saita ƙarfen. In an rubuta GripWalk a ƙasan takalmin, ka faɗa wa mai ba ka hayar allo, don ba kowane ƙarfe ne ke karɓar irin wannan tafin ba.

Ka sani kuma yadda yake lanƙwasuwa a ɗakinka ba haka zai yi a Croix de Chamrousse ba, ƙololuwar dutsen, mita 2,250 sama da teku, robar tana ƙara tauri da sanyi. Kada ya kwana a mota ko a baranda. Bayan kowace fita zare na ciki ya bushe nesa da hita, ka ajiye kwanson da maɓallai a ɗaure sako-sako don kada ya buɗe baki.

Tambaya

Kawu, ina gaisuwa. Ni 'yar Kano ce, muna zaune a Calgary ta Kanada, mukan kai yara wurin zamiya na Nakiska. Nawa takalmin, wajen ƙafar lafiya lau, amma bakinsa na sama yana cizon sha-raɓata har maɓallin ƙarshe ba ya rufuwa, yatsuna kuma sanyi kullum. Sannan ina son in saya wa ɗana mai shekara 8 wanda zai yi masa shekara uku.

Amsa

Ina amsawa Hajiya, a gaida maigida da yara. Tsokar sha-raɓar mata takan sauko ƙasa fiye da ta maza, shi ya sa ake yi wa takalman mata gajeren wuya mai faɗin baki. Leƙa bayan naki, tsakanin kwanso da na ciki, sau da yawa akwai wani falle na roba ko soso da aka manna don cike gurbi. Cire shi. Haƙoran da maɓalli ke kamawa kuma, a yawancin takalma da ƙusa mai murɗawa aka ɗaure su, akwai ramin da za a matsar da su waje, aikin minti biyar ne. In bai isa ba, ɗan tudu a ƙarƙashin dunduniya yana ɗaga tsokar ta fita daga bakin takalmin. Ina zaton sanyin yatsun ma daga wannan matsin yake, jini ba ya sauka. In an gyara bai daina ba, akwai safa da shimfiɗa masu ɗumama da batir, kuma a sanyin lardinku na Alberta da kan wuce digiri 20 ƙasa da sifili babu abin kunya a ciki. Binciken da aka yi kan sojojin Birtaniya da na Amurka ya nuna 'yan asalin Afirka sun fi saurin samun raunin sanyi a ƙafa da hannu, don haka yatsa ya daina ji, a shiga ɗaki a cire takalmi, kada a ce bari a ƙarasa zagaye ɗaya. Mai ciwon suga ya ninka wannan kulawar, mai sikila kuma sai ya ga likitansa kafin ya haɗa sanyi da tsayin dutse.

Na yaro, a'a Hajiya. Takalmin da zai yi masa shekara uku, shekara biyun farko yana iyo ne a ciki, ba zai iya juya allo ba, ya ce ba ya son wasan. Shagunan garinku suna bayar da hayar hunturu guda, wasu kuma suna karɓar na bara su ba da na bana da ragi. Wannan ya fi.

Tambaya

Kawu, yaya kuke yi da alwala da salla in kuna kan dutse? Cire takalmin nan da mayar da shi ya fi zamiyar wahala.

Amsa

Ƙanena, a watan Disamba a duwatsun Faransa azahar na shiga wajen 12:30, la'asar kafin ƙarfe 3, rana kuma ta faɗi wajen 5, don haka duk yadda ka yi salla za ta same ka a sama. Hukuncin shafa a kan huffi ko safa, da na haɗa salloli ga matafiyi, ka zauna da malaminku ya warware maka tun kafin ka hau. Nawa fannin ƙafa ne. Da wannan takalmi ba ka iya sujada ko zaman tahiya yadda ya kamata, sai an cire. Ka cire shi a wuri mai ɗumi, cikin ginin hutawa, ka ba shi minti biyar robar ta yi laushi kafin ka ja ƙafa, in ba haka ba bakin kwanson zai kankare maka gadon ƙafa. Ajiye shi nan cikin ɗumin har ka idar. In ka wanke ƙafa, ɗan tawul a aljihu, ka goge har tsakanin yatsu, ka jira ta bushe ƙarau, ka sa busasshiyar safa ta biyu da ka zo da ita a jaka. Damshin da ba ka ji ba a ɗaki shi ne zai kama maka yatsu a kan kujerar da ke hawa da ku sama. Wajen mayarwa kuma ka bi tsarin safe: dunduniya a gurbinta, maɓallan sama tukuna, na ƙasa da yatsa ɗaya.